Tsohuwar Jita da Hannun Kafinta

Kafin labarin ya iso kunnen Mai Sawu, an riga an karya wa Kafinta yatsu.

Auta ce ta same shi a ƙofar gida yana gyaran kejin kajinsa, ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba. Ita ce 'yar ƙarshe a wurin Tsirkiya, makaɗin jitar nan da duk garin ya sani, wanda shi da Mai Sawu tare suka tashi tun suna yawo ba wando. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce an sace jitar babanta, kuma makaɗa sun tafi shagon Kafinta da sanduna.

"Baffa, ka zo ka duba ƙasa tun ba su gama tattake ta ba," in ji ta.

Mai Sawu ya ci ƙuruciyarsa a gandun daji yana bin masu farautar sata, har ya kai ga in ya kalli ƙasa ya kan faɗi ko mutum ya wuce da kaya ko hannu rabbana. Tun da ya ajiye aiki, sai in an haura katanga ko akuya ta yi ɓatan dabo ake tunawa da shi. Mutum ne mai zuciya a kusa, kuma babu abin da ke tayar masa da ita kamar taron jama'a da ya yanke hukunci kafin ya sunkuya ya duba. Ya jefar da filayar da ke hannunsa ya bi ta.

A hanya ba ta gaya masa komai sabo ba, don duk unguwar ta san rigimar. Jitar Tsirkiya ta girme shi. A wurin ubangidansa ya gaje ta. Fuskarta ta yi ja kamar zuma, wuyanta ya lotsa inda yatsu suka shekara suna gogawa. Shi dai a wurinsa, katako sai ya tsufa yana shan kiɗa kafin ya buɗe baki, sababbin jitoci kuwa akwatunan tumatir ne aka ɗaura wa waya. Kafinta kuma, wanda ya bar yin gadaje da kujeru ya koma ƙera jita, ya tsaya a kan cewa tsufa ba ya ƙara wa katako abin da hannun maƙeri bai sa masa ba. Musu ya yi ta hawa har ya raba makaɗan garin gida biyu. Daga ƙarshe aka tsayar da gwaji. Za a rataya labule, Auta ta zauna a baya ta kaɗa tsohuwar da sabuwar, masu sauraro su zaɓa. Tsirkiya ya bugi ƙirji a gaban kowa ya ce in bai gane tasa tun daga sautin farko ba, ya bar kiɗa har abada. Aka kulle jitocin biyu a kabad ɗin ɗakin da makaɗa ke atisaye, aka danƙa mabuɗi a hannun Dillali, mai sayar da tsofaffin kayan kiɗa. Yau ne ranar gwajin.

*

Ɗakin atisayen cike yake da mutane, kowa na magana babu mai saurare. An ɓalle marfin kabad ta wajen kwaɗon. Sabuwar jita tana nan a jingine, ko ƙura ba a taɓa mata ba. Tsohuwar babu ita, har akwatinta.

Tsirkiya na zaune a kan benci, dogo, siriri, hannayensa a tsakanin gwiwoyi. Da ya ga abokinsa sai ya kau da kai. Mai Sawu ya ɗauka baƙin ciki ne, ya dafa kafaɗarsa ya wuce.

Mai Ganga ne ya tare shi, wani ƙato mai faɗin ƙirji da ke jagorantar ƙungiyar Tsirkiya. Ya ce ai an gama bincike. An ga sawun takalmin ruwa a bayan ɗaki, an je ƙofar Kafinta an tarar da takalmin ruwa jage-jage da taɓo. Mutumin ya san zai sha kunya yau, shi ya sa ya ɗauke jitar. Sun tambaye shi ya ƙi faɗa, suka ɗan taɓa shi.

"Kuka ɗan taɓa shi," Mai Sawu ya maimaita. "To ina jitar? Kun same ta a cikin yatsun nasa?"

Mai Ganga ya ce zai fito da ita in ya ji jiki. Mai Sawu ya ce masa ya matsa daga gabansa tun yana ganinsa da mutunci, ya kuma ce duk wanda ya sake taka bayan ɗakin nan, shi da shi ne.

Tsakar bayan ɗakin ta zama kamar an yi dambe a cikinta. Sai can gindin katanga, inda ƙafafun 'yan kallo ba su kai ba, ya sami sawu mai tsabta. Takalmin ruwa ne na roba, irin wanda rabin mazan layin ke sawa in damina ta kankama. Mai sawun ba shi da nauyi, takunsa dogo ne, kuma ba gudu yake ba. Ya fito ana tsakiyar ruwa, don ɗigo ya cinye gefen sawun. Ya bi jikin katanga, ya tsallake kwata, ya fake a ƙarƙashin rumfar wani shagon tela da ke rufe, daga nan ya hau kwalta. A kan kwalta sawu ya mutu.

*

Shagon Kafinta kamar an yi girgizar ƙasa. Kujerun duk an kakkarya, gwangwanin gam ya kife, wata jita da ba a gama haɗawa ba an taka cikinta ya fashe. Shi kuwa yana zaune a ƙasa a jingine da teburin aikinsa, an dawo da shi daga asibiti, hannun damansa a naɗe har gwiwa. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya kamar mai gadi. Sai da Kafinta ya ce ta bar Mai Sawu ya shigo sannan ta kauce.

Mai Sawu bai yi dogon jaje ba. Ya tambayi takalmin. Aka kawo, ya juya shi, ya sa ɗan yatsa a cikin taɓon ya shinshina. Zanen ƙasan iri ɗaya ne da na sawun, girman ma ya yi kusa. Amma taɓon da ke jiki baƙi ne, haɗe da dusar katako, na bayan ɗakin atisaye kuwa ja ne. Kafinta ya ce da asuba ya fita ya rufe katakonsa da leda, shi ke nan inda takalmin ya je. Mai Sawu ya san wannan ba zai rufe bakin kowa ba; za su ce ya wanke ya sake takawa.

Ya tambaye shi ko yana tsoron gwajin. Kafinta ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Ya ce shi ya roƙa a yi. Ya shekara yana neman ranar da za a saurari aikinsa ba tare da an kalli shekarunsa ba. Bai taɓa cewa tsohuwar jitar ba ta da daɗi ba. Gaskiya ne katako in ya daɗe ya kan bushe har cikin ɓargonsa, ya yi sauƙi, sautin ya fito a sake. Amma ranar da aka gama ƙera ta, ita ma sabuwa ce, kuma da tana da muni a ranar, da ba wanda ya adana ta har ta tsufa. Marasa kyan zamaninta duk an hura wuta da su. Mutane na ganin wadda ta tsira sai su ɗauka tsufa ne ya gyara ta.

"A jikinta na koyi aikin nan," in ji shi. "Duk lokacin da Tsirkiya ya kawo ta gyara sai in leƙa cikinta da madubi in ga yadda aka jera haƙarƙarinta. In sace ta in kai ta ina? In ɓoye malamina?"

Ya ɗaga hannun da ke naɗe. Likita ya ce yatsu biyu za su haɗe, na ukun kuwa sai abin da hali ya yi. Mai Sawu ya tambayi ko Tsirkiya na nan lokacin da aka yi abin. Matar ce ta amsa daga ƙofa. Ta ce yana nan tsaye a tsallaken titi, yana kallo, bai ce a yi ba, bai ce a bari ba.

*

Dillali ya karɓi Mai Sawu da fara'ar da ba ta kai ciki ba. Shagonsa ƙunci ne, jitoci a rataye har rufi, kowace da ɗan labarinta da yake zuba wa mai saye. Mutum ne mai ƙiba, ƙafarsa ɗaya ta kumbura, da sanda yake tafiya. Tun daga ƙofa Mai Sawu ya cire shi daga cikin masu sawun, amma mai ƙiba ma yana iya aiken siriri.

Ya tambaye shi gaskiya ne yana da mai saye daga nesa da ya yi tayin jitar. Dillali ya ce gaskiya ne, tayin da zai sayi gida, Tsirkiya ya kore shi kamar ya zo neman auren matarsa. Ya tambaye shi gaskiya ne ya yi ta zuga a fasa gwajin. Nan fara'ar ta gudu. Ya ce to me ya sa ba zai zuga ba? In sabuwa ta ci, duk abin da ke rataye a shagon nan ya koma itacen girki. Kuma shi a sana'arsa bai taɓa sayar da sauti ba. Mai kuɗi ba kunne yake saye ba, labari yake saye: wa ya riƙe ta, a wane biki aka kaɗa ta, guda nawa suka rage a duniya. Labule kuwa yana rufe labari ya bar sauti tsirara, wannan wulakanci ne ga kaya.

"Ashe kai ma kana tsoron ba za a gane ta ba," in ji Mai Sawu.

Dillali ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce tsoro daban, sata daban. Jitar da aka sace ba ta da labarin da za a iya faɗa, saboda haka ba ta da daraja. Duk mai saye a faɗin ƙasar ya san tabon da ke gefenta. Sannan ya ciro mabuɗin daga wuyansa ya jefa a kan tebur, ya ce wanda ke da wannan, me zai kai shi ɓalle kwaɗo?

Mai Sawu ya fito yana huci. Ya so ƙwarai a ce Dillali ne, don bai taɓa ƙaunar mutumin ba, amma maganarsa ta zauna daidai kamar murfi a kan tukunya.

*

Aka shiga kwanaki ba labari. 'Yan sanda sun zo sun yi tambayoyinsu sun tafi. Masu gulma suka ƙara wa miya gishiri: wai an ga Kafinta da buhu, wai matarsa ta kai kaya tasha. Babu mai shiga shagonsa. Mai Sawu ya zagaya duk wanda ya taɓa riƙe jita a garin, ya dawo hannu wofi.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, rumfar telan nan. Ɓarawo ba ya tsayawa jiran ruwa ya ɗauke; ruwa abokin ɓarawo ne. Telan ya yi tafiya, shagon na rufe, kuma tun ranar farko Mai Sawu ya kifa wani tsohon faranti na kwano a kan wurin ya danne da dutse. Ya koma da yamma, lokacin da rana ta karkata take shigowa ta gefe, don a irin hasken nan ne ƙasa ke faɗin abin da ta ɓoye da tsakar rana.

Ya ɗaga kwanon ya durƙusa. Taɓon ya bushe ya riƙe komai. Mutumin ya tsaya nan ya daɗe, bayansa a jikin bango. Bai ajiye akwatin a ƙasa ba. Babu alamar gindinsa ko ɗaya, rungume shi ya yi duk tsawon tsayuwar. Ƙafar dama ta zauna daram, sawu ɗaya tak. Ta hagu kuwa, kan takalmin ya kafe a wuri ɗaya, amma dunduniyar ta haƙa ɗan rami mai santsi, kusa da shi kuma wani ƙarami, kamar ta yi ta dukan ƙasa tana ɗan gocewa: babba, ƙarami, babba, ƙarami. Ruwa na dukan kwanon rumfa, ƙafar mutumin na ba shi amsa, shi bai ma sani ba.

Makaɗa da yawa na kaɗa ƙafa, amma da kan yatsu suke yi. Mutum ɗaya kawai Mai Sawu ya sani da ke yi da dunduniyar hagu, bugu biyu. Ya gan ta a ƙarƙashin benci tun suna makaranta, malami na dukan mai ita a kanta.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Ya zagi ƙasar, ya zagi idanunsa, ya zagi ranar da ya koyi wannan aiki. Sannan ya mayar da kwanon ya rufe.

*

Auta ya fara samu, a tsakar gida tana shanya. Ya tambaye ta ko wani abu ya faru da babanta kafin ranar gwajin. Ta yi shiru har sai da ya ce mata shirun wani ya riga ya ci hannun mutum, kada ta ƙara nata. Sai ta faɗa. Kafinta ya taɓa ba ta wata jita da ya ƙera don ta riƙa koyo, tana ɓoye da ita a ɗaki. Wata rana tana kaɗawa, baban ya ɗaga murya daga falo yana faɗa, wa ya ba ta izinin taɓa masa jita, ya san muryar abarsa ko a cikin barci. Ya banko ƙofa ya ga abin da ke hannunta, ya waiwaya ya ga tasa a rataye a bango. Ranar ko abinci bai ci ba.

Tana gama faɗa ta dube shi, ta gane dalilin tambayar. Zanen da ke hannunta ya faɗi ƙasa.

Tsirkiya na ɗakinsa a kwance. Mai Sawu ya rufe ƙofa ya ce masa abota ce ta kawo shi, ba aiki ba. Ya tashi yanzu, su je tare, ya fito da jitar, ya faɗa da bakinsa, shi kuma zai tsaya a gefensa duk abin da za a yi a yi musu tare. Tsirkiya ya tashi zaune, idanunsa jajur. Ya ce ashe tsufa ya kai Mai Sawu ga bin sawun aljanu. An yi masa sata, an raba shi da abin da ya fi 'ya'yansa daɗewa a hannunsa, sannan abokinsa ya zo har kan gadonsa ya kira shi ɓarawo? Nawa Kafinta ya ba shi?

Da wani ne ya faɗi wannan, da sai an raba su. Mai Sawu ya haɗiye abin da ya taso masa.

"Gobe da hantsi, shagon Kafinta," in ji shi. "Ka zo da ƙafarka, ko in sa Mai Ganga ya ɗauko ka."

*

Kowa ya zo, har da waɗanda ba a kira ba. Babu wurin zama, tunda su da kansu suka karya kujerun, sai aka tsaya a jere a jikin bango: Dillali da sandarsa, Mai Ganga da mutanensa, Tsirkiya a gefe ya harɗe hannu. Kafinta na kan teburinsa. Tun da sassafe Mai Sawu ya sa matar Kafinta ta baza dusar katako mai laima a ƙasan shagon, ta lallaɓe ta da tsintsiya. Babu wanda ya kula, shagon kafinta ne.

Ya ce musu yana jiran wani abu, kafin ya iso Auta za ta ɗan ɗebe musu kewa. Ta ɗauki sabuwar jitar, wadda aka bari a kabad. Sannan ta kama wani tsohon kiɗa na babanta, mai tafiyar raƙumi, sautin ya cika shagon, zurfinsa na taɓa ƙirji, samansa garau kamar ƙararrawa. Gunaguni ya mutu. Tsirkiya ya ɗaure fuska ya kalli rufi, kamar mai jin ƙarar injin niƙa.

Da ta tsaya, Mai Sawu ya ce kowa ya ɗaga ƙafa a hankali ya ja da baya. Sannan ya ba su labarin rumfar tela, da mutumin da ya rungume akwati bai yarda ya taɓa ƙasa ba, da ramukan nan biyu. Ya ce wurin na nan a rufe, duk mai so ya je ya gani. Ya bi layin yana nunawa da tsinke. Inda Dillali ya tsaya, sawu biyu da ɗigon sanda. Inda Mai Ganga ya tsaya, kan yatsu ya share dusa. Inda Tsirkiya ya tsaya, a ƙafar hagu, rami babba da ƙarami a gefensa.

Tsirkiya ya kalli ƙasa ya daɗe.

"Jitar tawa ce," in ji shi daga ƙarshe. "Mutum ba ya satar abinsa."

"Ba jita na zo nema ba," in ji Mai Sawu. "Ka ɗauki abarka ka jefa a rijiya, ba ruwan kowa. Ka ji tsoron kunya, wannan ma na ɗan Adam ne. Amma kana tsaye a tsallaken titi. Kalma ɗaya ce a bakinka, ka riƙe ta, kana jin ƙarar sanda a kan hannun da ke gyara maka jita. Wannan na zo ka amsa."

Tsirkiya ya ce bai zaci abin zai kai haka ba. Ya so a ce an sace, a fasa gwaji, bayan an manta ta ɓullo. Da ya ga sun nufi shagon sai ya bi su ya tsaya daga nesa, yana cewa a ransa yanzu zai yi magana, yanzu zai yi, har aka gama.

Mai Ganga ya yi kukan kura zai cafke shi, yana cewa ya sa su sun zama azzalumai. Mai Sawu ya sha gabansa ya daki ƙirjinsa da tafin hannu. Ya ce babu wanda ya sa shi. Sandar tasa ce, hannun nasa ne, kuma daga nan ofishin 'yan sanda zai wuce ya faɗi abin da ya yi, shi da duk wanda ya ɗaga itace a ranar. Bai ishe shi ba sai ya ƙara da tsoho?

*

A wani ɗakin ajiya da ƙanwarsa ta bari Tsirkiya ya ɓoye jitar. Ya zaɓe shi ne don ya fi ko'ina bushewa, yana gudun kada damina ta taɓa ta. Abin da bai lura ba, bangon da ya jingina akwatin a jikinsa shi ne bayan murhun gidan burodi. Da Mai Sawu ya dafa bangon sai da ya janye hannu.

Suka buɗe akwatin. Fuskar jitar ta tsage tun daga ramin tsakiya har gindi, katakon da ke riƙe wayoyin ya ɗago, wayoyin sun saki. Tsirkiya ya durƙusa ya yi wani irin sauti da Mai Sawu bai taɓa ji daga bakinsa ba. Bai lallashe shi ba. Ya tsaya ya bar shi ya gama.

Dillali ya leƙa ya ce ta mutu, ko an gyara, mai sayensa ba zai waiwaye ta ba.

Tsirkiya da kansa ya ɗauke ta ya bi titi da ita, mutane na tsaye a ƙofofinsu suna kallo, har shagon Kafinta. Ya ajiye ta a kan teburin. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, Kafinta ya ce ya riƙe abinsa, ba yau ba. Ya jawo jitar da hannun hagu, ya bi tsagar da ido, ya ƙwanƙwasa gefenta ya saurara. Fuskarsa ta yi abin da bai so ta yi ba.

"Tana gyaruwa," in ji shi. "A garin nan mutum ɗaya ne zai iya, kuma da hannu biyu ake yi."

Ya tura ta gefe, ya ce wa matarsa ta rufe ta da zane ta ɗora a saman kantar shagon inda babu zafi. In yatsan ya haɗe, zai duba. In bai haɗe ba, Tsirkiya ya zo ya ɗauki abarsa, su biyun su koyi wata sana'ar.

A waje Tsirkiya ya bi bayan Mai Sawu, ya kira shi da sunan da ba wanda ya sani sai su biyu. Mai Sawu ya tsaya, amma bai juyo ba. Ya ce shagon nan na buƙatar mai shara, mai ɗaukar katako, mai riƙe wa Kafinta abin da hannu ɗaya ba ya riƙewa, kuma shi ya san wani tsoho da ba shi da jitar kaɗawa yanzu.

"In ya kore ni fa?" in ji Tsirkiya.

"Zai kore ka. Washegari ka koma."

"Kai kuma fa?"

Mai Sawu ya ce shi kada ya zo masa gida tukuna. Duk ranar da ya ga Kafinta ya riƙe guduma da hannun dama, shi da kansa zai zo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ya tafi bai waiwaya ba, ya bar shi tsaye a bakin shagon, matar Kafinta na kallonsa daga ciki ba ta ce shigo ba.